Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakunan zango da limaman Juma'a na Accra kan yadda ake yi wa jama'a maganar bola da gota

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku, ya ƙara muku ilimi mai amfani. Iyayenmu mata magajiyoyi, waɗanda ba kasafai ake sa sunanku a kan takarda ba alhali babu abin da ke tabbata a unguwa sai da hannunku, ina gaishe ku da girmamawa.

Na zaɓi in rubuto muku a fili, maimakon in bi zaurukanku ɗaya bayan ɗaya in durƙusa, domin maganar ta haɗa Nima da Mamobi da New Town da Sabon Zango da Fadama, kuma ina so mata da matasa su ga abin da na roƙe ku domin su ma su sa baki. Maganar bola ce da gota. Ba zan ɓata muku lokaci da bayanin cewa ƙazanta tana kawo cuta ba, tunda ko yaron makarantar allo ya san wannan. Abin da nake so mu duba shi ne yadda ake faɗar maganar, da bakin da take fitowa, da abin da ake nema mutum ya aikata bayan ya ji ta, domin a nan nake ganin an daɗe ana asarar ƙarfi da kuɗi. Idan a cikin kalamaina akwai abin da ya yi kama da gyara ga manya, ku yi mini uzuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kiraye-kiraye dai ba a rasa su ba. A shekarar 2014 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar nan ta Ghana, ta kashe fiye da 200, kuma yankin Accra ne ya fi jin jiki. A watan Nuwamba na shekarar gwamnati ta ƙaddamar da ranar tsafta ta ƙasa, wato Asabar ɗin farko ta kowane wata. Wata bakwai bayan haka, a daren 3 ga Yuni 2015, ruwa ya mamaye Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, man fetur ya malalo daga gidan mai ya bi kan ruwan, wuta ta tashi, mutum sama da 150 suka rasu, da yawansu fakewa kawai suka yi daga ruwan sama. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. A 2017 shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya yi alkawarin mayar da Accra birnin da ya fi kowane tsafta a Afirka, har aka kafa ma'aikata ta musamman domin tsafta da ruwa. A 2022 ministan yankin, Henry Quartey, ya fara aiwatar da shirin da ya wajabta wa kowa tsabtace gaban gidansa da shagonsa. Ba na zargin niyyar ko ɗaya daga cikinsu. Sai dai kusan kowane shiri ya zo mana da salo iri ɗaya: umarni daga sama, allo da Turanci a bakin titi, barazanar tara, manyan mutane riƙe da tsintsiya a gaban masu ɗaukar hoto, sannan shiru har hadari ya sake haɗuwa. A ƙarshen 2024 amai da gudawa ta sake ɓulla a yankin nan, kuma har yau idan sama ta yi baƙi akwai masu ɗauko buhun shara su nufi gota.

Kafin a lallashi mutum ya bar wani hali, wajibi ne a san abin da ya sa yake yin sa, kuma wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. Duk wanda ya shiga gidan haya a Nima da asuba zai tarar da mata sun share tsakar gida tas, an wanke tukwane an kife, an shanya wanki. Mutumin da yake wanke gaɓoɓinsa sau biyar a rana ba ya bukatar wani ya zo daga ofis ya koya masa ma'anar tsafta. Matsalar ita ce tsaftarmu tana tsayawa a bakin ƙofa. Abin da ke ciki namu ne, abin da ke waje na gwamnati ne, gota kuwa ba ta kowa ba ce. Bayan wannan akwai lissafin aljihu. Matar da ke sayar da koko da ƙosai tana da buhun shara a bayan ɗaki; keken aboboya, babur mai ƙafa uku da ke kwasar shara, ba ya iya shiga lungunsu, idan ya tsaya a bakin titi ma sai ta biya; kwantenar unguwa tana da nisa, can ma sai an biya, kuma sau da yawa a cike take ta yi ambaliya. Ga gota a gabanta, ga ruwa zai tafi da komai kyauta cikin minti kaɗan. Idan ta tura yaro da buhun, lissafi ta yi, kuma a iya abin da idonta ke gani lissafin ya fita. Wanda ya zo mata da allo mai cewa ƙazanta tana kisa bai taɓa ko ɗaya daga cikin dalilanta ba.

Abin da idonta ba ya gani shi ne inda buhun yake zuwa. Babbar gotar Nima tana gangarawa ta Asylum Down ta haɗu da kogin Odaw a wajajen Circle, Odaw kuma ya zuba a tafkin Korle kafin ya kai teku. Ledar da aka jefa a Mamobi tana iya zama wadda ta toshe ƙarƙashin gada a ƙasa, ruwan ya juya ya shiga ɗakin wani a Adabraka da tsakar dare, ya jiƙa katifa da takardun makarantar 'ya'yansa. Mutumin nan maƙwabci ne, ko da ba mu san sunansa ba, domin ruwa ɗaya ya haɗa mu. Malamanmu, kun fi ni sanin nauyin haƙƙin maƙwabci a addini. Ina ganin ta wannan ƙofar maganar za ta fi shiga zuciya, fiye da ta ƙofar sunayen ƙwayoyin cuta, domin Bazango yana iya yin kasada da lafiyarsa amma yana tsoron ɗaukar alhakin wani.

Akwai kuma wani abu da nake roƙo a bari, kuma zan ɗan daɗe a kansa domin mu da kanmu muna yin sa, shi ne buɗe magana da cewa mutanen zango ƙazamai ne. Muna jin haka a rediyo daga bakin waɗanda ba su taɓa kwana a cikinmu ba, muna jin sa kuma, abin takaici, a kan mumbari da wuraren taro daga bakin namu, wai don a zaburar da mutane. Ba ya zaburarwa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Cialdini, shi da abokan aikinsa sun gwada wannan a zahiri. A binciken da suka wallafa a 1990 sun nuna cewa mutane sun fi jefar da takarda a wurin da ya riga ya cika da shara fiye da wurin da aka share. Daga baya, a wani gandun gwamnati a jihar Arizona inda baƙi ke satar gutsattsarin itatuwan da suka zama dutse, sun kafa alluna iri biyu, kuma allon da ke kukan cewa baƙi da yawa suna sata ya jawo sata fiye da wanda kawai ya roƙi kada a ɗauka. Dalilin ba boyayye ba ne. Idan ka gaya wa mutum cewa kowa yana yin abu, ka ba shi izini ne ba ka sani ba, domin zai ce to ni wane ne da zan bambanta. Idan kuma ka haɗa da zagi, sai ya toshe kunne ya kare mutuncinsa da na iyayensa, kuma yana da hujja, tunda ya san Nima ta girma ne tun zamanin Malam Amadu Futa, wanda ya kafa ta, a wajen tsarin birni, babu titunan da aka shata, babu magudanan da aka gina, kuma ba mazauna ne suka zaɓi haka ba.

Maimakon haka a nemo abin kirkin da ake yi a faɗe shi da suna. A kowace unguwa akwai lungun da gidajensa suka haɗa kuɗi suna biyan mai kwasar shara duk mako. Akwai tsofaffin mata masu tara ledar piya wata su sayar da awo. Akwai masallacin da ladaninsa ba ya barin leda ta kwana a harabarsa. Idan liman ya ce bayan sallar Juma'a, jama'a, lungun da ke bayan makarantar wane gidaje kaza sun yi yarjejeniya kuma wata biyu ke nan gotarsu tana gudu, Allah ya saka musu, to lungun da ke kusa zai ji kishi, kuma kishin zango abu ne da aka sani, a ƙwallo ne ko a Mauludi ko a ɗinkin Salla. Sharaɗin kawai shi ne abin da aka faɗa ya zama gaskiya, domin ranar da aka kama mumbari da ƙarin gishiri, an rasa yardar jama'a, wadda ta fi kowane kuɗi tsada.

Wannan ya kawo ni ga dalilin da ya sa ku na rubuto wa ba majalisar gunduma ba. A watan Maris na 2020, lokacin korona, aka hana taruka, aka rufe masallatai da coci-coci. Babu wanda ya taɓa zaton za a wayi gari a Nima ba a yi Juma'a ba, balle a yi azumi babu tafsiri a fili, a yi Idi a gida. Amma da babban limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya yi kira a bi umarnin, limamai suka maimaita a unguwanni, sai mafi yawan mutane suka bi, duk da ɗacin abin. Da aka buɗe kuma bokitin Veronica mai famfo ya tsaya a ƙofar masallatai, tsoho da yaro suna wanke hannu. 'Yan sanda ba su isa su sa wannan ba. Idan bakinku ya iya raba mutum da sahun Juma'a na tsawon watanni, raba shi da jefa buhu a gota bai fi ƙarfinsa ba.

An ga irin wannan a wasu ƙasashen Musulmi. A tsibirin Misali da ke kusa da Pemba a Tanzaniya, masunta sun daɗe suna kamun kifi da nakiya, suna lalata wurin da kifin ke hayayyafa, kuma hanin hukuma bai hana ba. Da aka zauna da limamai da malaman makarantun Alƙur'ani suka koyar da cewa ɗan Adam halifa ne da aka ba amanar halitta, sai masunta da yawa suka bari. A Indunusiya majalisar malaman ƙasar ta fitar da fatawa a 2014 cewa zubar da shara barkatai haramun ne. Ba ina cewa a kwafo nasu ba ne, domin nassoshin suna hannunku tun kafin a haife ni: cewa tsarki rabin imani ne, cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, da gargaɗin la'ana ga mai yin bahaya a hanyar mutane ko a inuwarsu, da hanin yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Ana karanta su a babin tsarki, a yi bayanin ruwan alwala da najasa dalla-dalla, amma da wuya a ji malami ya fito da su daga littafi ya ɗora su a kan gotar da ke ƙofar masallacin da yake karantarwa.

Game da salon faɗa kuwa, hadisin baƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ishe mu darasi. Sahabbai suka taso masa, Annabi ya ce a ƙyale shi ya gama, ya sa a kawo guga a zuba ruwa a wurin, sannan ya kira mutumin ya yi masa bayani cikin taushi cewa masallaci ba wurin wannan ba ne, ya kuma tunatar da sahabbai cewa an aiko su su sauƙaƙa ne ba su tsananta ba. A lura da jerin: an hana tozarci, an gyara wurin nan take a gaban kowa, sannan aka yi nasiha. Mu kuwa mun saba farawa da tsawa, mu ƙare da tsawa, gugan ruwan kuma ba ya zuwa.

Sannan a rage girman abin da ake nema. Idan aka ce wa jama'a su kula da tsaftar muhalli, kowa zai ce amin ya tashi, domin babu wanda ya san daga ina zai fara, babu kuma wanda za a iya cewa ya saɓa. A zaɓi hali ɗaya a daminar bana, a faɗe shi da kalmomin da yaro zai iya maimaitawa: idan hadari ya taso, ba a kai shara gota. Shi ke nan. A bar maganar rarraba shara da dashen itace da sauransu zuwa wani lokaci, duk da muhimmancinsu. Ladani ya faɗa a lasifika idan sama ta haɗu, kamar yadda yake sanar da rasuwa ko ɓatan yaro. Malaman makaranta su gaya wa yara cewa idan aka aike su da buhu su ce malam ya hana, domin yaro ne ake aika, kuma uwa tana jin kunyar a ce ɗanta ya fi ta jin maganar malam. Mai unguwa ya bi gidaje ya karɓi alkawarin mai gida da baki a gaban 'yan haya, saboda alkawarin da aka yi a gaban shaidu ya fi wanda aka yi a zuci nauyi. Babbar damina a Accra tana kankama ne daga Afrilu ta kai ƙarfinta a Yuni, don haka maganar da aka fara ranar da ruwa ya shiga ɗakuna ta makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma sharar da mu da kanmu muke tarawa da sunan alheri, kuma a nan ikonku ya fi na kowace hukuma. Ranar aure ko suna ko addu'ar mamaci ana kafa rumfa a titi, a raba shinkafa a fararen robobi, a raba ruwan leda da lemo, da yamma a kwashe kujeru a bar titi fari fat, iska da ruwa su kai sauran gota. A watan azumi kowane masallaci yana tara tsibin leda bayan buɗa-baki har dare talatin. Ranar layya jini da kayan tumbi suna bin magudana, kwana uku unguwa tana wari. Babu auren da ake ɗaurawa sai da liman, babu rumfar da ake kafawa sai da sanin mai unguwa. Me zai hana a mayar da shi al'ada cewa mai taro, kamar yadda yake tanadin goro da kujeru, zai tanadi buhuna da wanda zai kwashe su, liman kuma ya tambaya kafin ya yi fatiha, cikin raha ba cikin tsanani ba? Idan attajiri ɗaya da ake ji da shi ya aurar da 'yarsa aka ci abinci a faranti aka wanke, aka kuma yaba masa a bainar jama'a, wasu za su bi, domin a harkar biki kowa na kallon na sama da shi. Wannan fagen magajiyoyi ne da ƙungiyoyin mata masu adashi da anko, kuma kuskure ne babba a zauna taron tsafta a zaure maza zalla alhali shara a hannun mata take kwana take tashi.

Matasa kuwa ba a mumbari za a same su duka ba. Suna majalisunsu na shan ataya, suna wayoyinsu. Tun 2023 wasu samari masu kiran kansu Buz Stop Boys suke yashe gotoci a Accra suna ɗora hotunan a intanet, kuma sun sa aikin da ake ƙyama ya zama abin alfahari. Majalisun samarinmu suna da suna da tuta da gasa a tsakaninsu, abin da suke nema shi ne a san da su. Sarki ya kira su ya ba kowace majalisa yanki, ya je da kansa ya gani, ya ambace su ranar Salla. Saƙon murya na minti ɗaya daga bakin limamin da suke ƙauna, da Hausar da muke yi a nan ba ta littafi ba, zai zaga WhatsApp kafin la'asar, kuma rediyon Marhaba yana nan. A tuna kuma cewa zango ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani da Mosi da Wangara da Yarabawa, kowanne da sarkinsa, akwai kuma Kiristoci maƙwabtanmu da gota ɗaya ta ratsa ƙofarmu da tasu, don haka a gayyaci fastocinsu tun daga zaman farko.

Yanzu ga inda maganar take da haɗari a gare ku. Lallashi ba tare da mafita ba yaudara ce, kuma wanda zai biya kuɗinta shi ne wanda ya yi lallashin. Idan liman ya hana matar nan gota, ta ji, ta ajiye buhunta kwana huɗu yana wari a ɗakin da take kwana da 'ya'yanta, babu wanda ya zo ɗauka, to a rana ta biyar za ta koma gota, kuma wa'azi na gaba ba zai shige ta ba. Mun sha ganin an yi gayya ranar Asabar an yashe gota, an tara laka da leda a bakinta, motar kwasa ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da komai inda aka ciro shi. Samarin da suka shiga laka har gwiwa a wannan ranar ba za su fito a wata mai zuwa ba, kuma ba lalaci ba ne. Saboda haka kafin ku hau mumbari da wannan magana, ku fara zuwa majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa da Ablekuma ta Tsakiya tare da wakilan unguwanni, ku fito da yarjejeniya a rubuce: ranar da mota za ta zo, wurin da aboboya zai tsaya a jira masu fitowa daga lungu, farashin da ba zai sauya da fuskar mai biya ba, da lambar wanda za a kira idan kwantena ta cika. Ku karanta wa jama'a kason hukuma kamar yadda kuke karanta musu nasu, kuma idan hukuma ta saɓa ku faɗa a wurin da kuka faɗi alkawarin. Kuna da abin dogaro wajen nema. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin shirin GARID na magance ambaliya da shara a yankin Odaw, kuma Nima tana cikin unguwannin da aka ambata. Akwai Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017. Tambayar me aka yi da me ya rage haƙƙinku ce, kuma ta fi kyau daga bakin sarki fiye da bakin ɗan siyasa a shekarar zaɓe.

Haka maganar bayan gida take, ko da yake ba a son ambatonta a gaban manya. Gidaje da yawa masu ɗakuna goma ko fiye ba su da ban ɗaki ko ɗaya, wasu ma an mayar da wanda ke akwai ɗakin haya. Mace ko tsoho da cikinsa ya murɗa da ƙarfe biyun dare ba zai je layin bayan gidan kuɗi ba, leda zai nema, ledar kuma kowa ya san inda take ƙarewa. Yi wa ɗan haya wa'azi a kan wannan zalunci ne. Mai gidan ne abin yi wa magana, kuma sau da yawa yana sahun farko, wani lokaci ma shi ya sayi tabarmar masallacin. Shirin GAMA na tsafta da ruwa a yankin Accra ya yi shekaru yana rage wa masu gidaje kuɗin gina bayan gida a unguwanni irin namu. A samu masu gidajen ɗaya ɗaya a keɓe, ba a gaban jama'a ba, a nuna musu cewa wanda ya gina wa 'yan hayarsa makewayi ya yi sadaka mai gudana, ya kuma sauke haƙƙin da ke wuyansa.

Ban ce a jefar da doka ba. Iyayenmu suna ba da labarin tankas, duba-garin da ke leƙa randa ya kai mutum kotu, kuma wasu suna kewar wannan zamanin. Tara tana da wurinta ga wanda aka ba mafita, aka yi masa nasiha, ya ga maƙwabtansa sun bari, shi kuma ya ƙi. A lokacin unguwa ce da kanta za ta nuna shi. Amma idan aka fara da ita a wurin da mafi yawan mutane ba su da zaɓi, abin da ake samu shi ne a koma zubarwa da dare, a kuma ɗauki jami'i abokin gaba.

Roƙona a taƙaice shi ne ku kira zama ɗaya kafin watan Afrilu, a babban masallacin ƙasa da ke Kanda ko a fadar da kuka ga ta dace, da magajiyoyi da shugabannin samari da masu aboboya da masu tara leda a ciki, a bar su su fara magana kafin manya. A fito da jumla ɗaya da za a riƙa faɗa, da Juma'ar da dukkan masallatai za su yi huɗuba a kanta, ba tare da la'akari da Tijjaniyya ko Ahlussunna ko wani ɓangare ba, da yarjejeniyar da za a kai wa majalisun gunduma. Kowane mai unguwa ya riƙe littafi ya rubuta gidajen da suka shiga tsarin biyan mai kwasa, a riƙa sanar da adadin duk ƙarshen wata, domin a watan Agusta a zauna a ga lungun da abin ya karɓu da wanda bai karɓu ba, a tambayi mutanen wurin dalili kafin a shirya wa ƙaramar damina ta Satumba.

Allah ya ƙara wa sarakuna lafiya da nisan kwana, ya saka wa malamai da alheri. Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
wani mazaunin Mamobi, Accra